Baƙuwar Wata Goma Sha Huɗu

Diffa, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya a Yamai, kin huta gajiyar mota, kumburin ƙafar nan da kike yi in kin daɗe a zaune ya sauka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Babanki yana gaishe ki, Bintu ma haka. Allah ya tsare ki a sauran hanyar, ya sa jirgin da za ki shiga ya sauka lafiya kamar yadda ya tashi, ya kai ki Kaulaha cikin aminci.

To, gaisuwa ta ƙare. Sau uku kin kira kina tambayar risho, har kin sa ƙanwarki kuka. Ki bar Bintu ta sarara, ba ita ba ce. Ni na cire shi. Da kika fita sallama da ƙawayenki na buɗe jakar, na fitar da rishon, da 'yar tukunyar, da kwano ɗaya da cokali ɗaya da kika naɗe cikin zane kamar wadda za a kwantar a gidan likita. Na zuba miki tiya biyu ta dakakken tattasai a gurbinsu. Ga rishon nan bisa akwatina, ina kallonsa ina rubutu, raina yana ƙara ɓaci.

Na so in faɗa miki a waya, amma na san halinki. Saƙon murya in ya wuce minti ɗaya sai ki danna masa abin saurin nan, in koma magana kamar ɗan tsako, ki ce kin ji. Bintu ta nuna min yadda kike yi. Shi ya sa na karɓi bik da kaye a wurinta, wato alƙalami da littafin rubutu, na zauna. Rabona da dogon rubutu tun ina koleji a Damagaram, saboda haka ki yi haƙuri da hannun, malamar Ingilishi. Takarda dai ba ta da wurin dannawa, sai kin bi ta layi-layi.

Abin da ya sa na cire shi, maganar da kika yi ce ana gobe za ki tafi. Babanki ya tambaye ki wane irin gida ne lakwal ɗin, wato makarantar da ta ɗauke ki aiki, ta samar miki, kika ce gidan wani dattijo ne da matarsa da 'ya'yansu, za su ba ki ɗaki, ki zauna tare da su shekara biyun da za ki yi kina koyarwa. Sannan kika ƙara da cewa: "Amma ni ba zan dame su ba, Baba. Daga lakwal sai ɗakina. In dafa ɗan abina, in gyara takardun yara, in kwanta. Ba za su ma san ina gidan ba." Babanki ya washe baki ya ce madalla, 'yarsa mai kunya. Ni kuwa ban ga abin madalla ba. Shekara biyu a gidan mutane, ba za su san kina ciki ba? Aljana ce ke? Wadda ta shiga gidan mutane da wannan niyya ba ta kai shekara biyu, Fanna, kuma aikin da kika sha wahalar karatu dominsa shi zai tafi a banza. Kina ganin abin da kika faɗa ladabi ne. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, a wurina kika kwaso shi, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Bari in fara da ƙaramar wautata, ko kya saki fuska. Da aka kawo ni Diffa amarya daga Damagaram, ko kalma ɗaya ta Barbarci ban ji. Ranar farko kakarki, Allah ya ji ƙanta, ta aiko min da miyar kifi, bandar Bosso mai ƙarfin nan. Ni ban saba ba. Maimakon in ce ban saba ba, sai na ce kifi yana sa ni ƙaiƙayi, don na ga kamar hakan ya fi sauƙin faɗa wa suruka. To, tsohuwa ta ɗauki magana da gaske. Ta sanar da dangi kaf, daga nan har Geskeru, cewa amaryar ɗanta ba ta cin kifi. A bakin Komadugu fa! Shekara huɗu ana yi min miya daban a 'yar tukunya, kowa na tsotsar ƙaya ina haɗiyar yawu, don tun wata na uku hancina ya gaya min abin da daɗi. Sai da na samu cikin yayanki kwaɗayi ya ci ƙarfina, tsohuwa ta kama ni bayan rumbu da kan tarwaɗa a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya ta kalle ni, ta ce da Hausarta mai karkacewa: "Shekara huɗu ni wahala tukunya biyu, ashe ke ƙarya?" Har ta rasu, in ta gan ni da kifi sai ta tambaye ni ya ƙaiƙayi.

Masu zuwa Kaulaha ziyara sun ce mutanen can shinkafa da kifi ne kullum, a faranti ɗaya, kowa ya sa hannu. Ki sa hannu. Abin da ya gagare ki, ki ce ba ki saba ba tukuna, za ki koya. Kada ki ƙirƙiro wa kanki ciwo. Kuma ki gyara fuskar nan da kike yi in miya ba ta yi miki ba, wadda kike tsammanin ba a gani. Daga zaure ake hango ta. Yarensu ma ki kama shi tun daga gaisuwa, kada ki ce ai suna jin Faransanci. Ni na shekara biyu in an ce min "wushe" sai in yi murmushi kawai, mata suka ɗauka girman kai ne, alhali tsoro nake in faɗa ba daidai ba a yi min dariya. Ke da za ki tsaya gaban yara kina ce musu kada su ji kunyar kuskure, sai ki fara da kanki.

Wannan ƙarami ne. Babban shi ne na Malama Zara, kuma ba ki san shi ba, ko da yake a gidan nan aka yi kina ciki.

Kin san ita ta sa miki Ingilishi a baki. Abin da wataƙila ba ki riƙe ba, don shekarunki goma sha uku lokacin, shi ne yadda ta zo mana. Mahaifinta dillalin tattasai ne a Damasak. A gidansa babanki yake sauka duk sa'ad da ya tsallaka kogi da buhuna, tun yana saurayi, yana cin tuwon gidan ba a taɓa nuna masa an gaji ba. Da yaran daji suka shiga Damasak, jama'a suka faɗa ruwa suka tsallako, babanki ya tafi Shetimari yana bin taro yana tambaya. Dattijon ya riga ya rasu kafin nan. 'Yarsa ya samu, malamar makaranta, mijinta ya mutu, ba ɗa, tana zaune gindin itace da takalmi wari guda. Ya kawo ta gida ya ce min: "Hadiza, ga 'yar maigidana. Kin san abin da gidansu ya yi min." Ni kuma na ɗaura ɗamara, na ce a raina za a ga karamci.

An kuwa gani. Na kwashe ku daga ɗakin gabas na ba ta. Na fito da kwanukan aurena masu murfi. Abinci sai dai a kai mata ɗaki, a durƙusa a ajiye, ta ci ita kaɗai. Kwana uku na farko haka ya kamata, mace ta sha gudu ta sha ruwa. Amma ni ban tsaya a kwana uku ba. Da ta warware ta fito tsakar gida ta ɗauki tsintsiya, na fizge. Ta kama taɓarya, na riƙe. Ta ce, "Yaya, ko albasa ce ba ni in yanka." Na ce, "Haba Malama, da hannun alli? Je ki huta." Tun satin farko take ce min Yaya. Ni kuwa har ta bar gidan nan ban taɓa kiranta Zara ba, sai Malama, Malama, kamar na je neman takarda a ma'aikata.

Ki duba fa lokacin da ake ciki. An hana hawa babur, an hana fita da tattasai, an hana kamun kifi, gonar babanki ta bakin kogi ba ta zuwuwa. Buhunan tattasai na jibge a zaure, ba abin da muke samu daga gare su sai atishawa. Miyarmu ta koma ruwa. In an samu tsoka ɗaya, kwanonta take tafiya. Ita kuwa ba kurma ba ce, tana jin ku ta bayan labule kuna faɗa kan ƙanzo. Sai ta riƙa maido da naman, ta ce haƙorinta ke ciwo. Ni kuma in ɗumama in mayar mata da yamma. Akwai tsokar da ta yi zuwa uku tsakanin madafa da ɗakin gabas, daga ƙarshe kyanwa ta raba mu.

Bayan wata biyu ta je ta rubuta suna wurin masu raba taimako, aka ba ta kati. Ranar rabo ta shiga layi tun safe har la'asar, ta dawo da gero da wake da mai bisa amalanke, fuskarta a sake, irin sakin da ban taɓa gani ba tun zuwanta. Ta ce wa mai amalanke ya sauke a madafa. Na ce ya kai ɗakinta. Ta ce, "Yaya, na gida ne." Na ce, "Gidan Malam bai kai ga cin abincin 'yan gudun hijira ba." Da bakina na faɗa, gaban mai amalanke. Nufina kada a ce mun ajiye ta ne saboda katinta, don akwai gidajen da ake yi wa wannan gori a unguwa. Amma ita me ta ji? Ta ji abin da na kira ta, ta kuma ji abincinta bai isa shiga tukunyata ba. Buhunan suka riƙa taruwa a ɗakinta wata bayan wata, mu muna shan kunu tsararo a tsakar gida. Daga baya na gano tana auna wa maƙwabta ta bayan katanga don kada ƙwari su cinye.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Tattasan da na zuba miki ba naki ba ne, na tukunyar gidan ne. Ki miƙa wa matar gidan ranar da kika sauka, duka, ban ce ki rage na barbaɗawa a ɗaki ba. In kin bi ta kasuwa daga lakwal, ki riƙo abin miya ki kai madafa. In ta ce a'a, ki ajiye ki wuce, gobe ki sake. In ita ta ba ki abu, ki karɓa da hannu biyu. Wannan "a'a na gode, na ƙoshi" da kike yi wa mutane ciki na ƙugi, ki bar shi a Yamai kafin ki shiga jirgi.

Abu ɗaya ne na kasa fizgewa daga hannunta. Ta ga kayenki na Ingilishi, jan bik ɗin mushenku, malamin ajinku, ya cika shi kamar an yanka kaza a kai, ta ce, "Wannan dai, Yaya, ba ki iya hana ni." Ta shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, ta samu gawayi da guntun kwali, kullum bayan la'asar. Da farko na yi murna. Sai karatu ya zama hira, hira ta zama dariya. Ina tankaɗe ku kwashe da dariya, in ɗaga kai ku yi shiru. Yanzu na san don kun ga na kalle ku ne kawai, amma a lokacin raina ya ba ni da ni kuke. 'Yar da na haifa, a tsakar gidana, tana dariya da yaren da ban ji. Kishi ne, Fanna, yau na faɗa. Amma ran nan ban kira shi kishi ba, na samu abin fakewa. Ya Gumsu maƙwabciyarmu ta ce a zamanin da yaran daji ke farautar malaman boko, gidan da ake jin Turanci ta katanga yana kiran masifa. Na ɗauki maganar na kai wa Malama, na ce ku koma ɗaki ku rage murya. Matar da ta gudo da ranta saboda alli, na tsaya gabanta na ce allinta zai ja mana mutuwa. Ta ce to. Kuka koma ɗaki cikin zafin nan, tsakanin buhuna, kuna karatu da raɗa.

Gidan da za ki akwai yara. Za su manne miki saboda Ingilishi, ke kuma na san ki da son a ce kin iya. Kada ki zauna da 'ya'yan mace kuna ƙyalƙyala da yaren da ba ta ji. In kun yi dariya, ki juya ki gaya mata abin da aka ce, ko da in an fassara ba ya ba da dariya. Ki koya mata kalma biyu, ta koya miki goma. Malantar nan a aji take, in kin shigo gida ki cire ta tare da takalmi. Kuma don Allah kada ki gyara wa dattijon gidan Faransancinsa yadda kike gyara wa babanki gaban baƙi. Babanki yana dariya ne don ya haife ki.

Yanzu ga ranar da nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare ta. Tana wata na goma sha huɗu a gidan nan aka yi rasuwa a Shetimari. Na tafi gaisuwa da safe, da nufin in dawo kafin azahar in ɗora tukunya. Shingayen soji suka riƙe mu, a sauka, a nuna kati, a hau, gaba kaɗan a sake sauka. Sai bayan la'asar na iso. Tun daga zaure na ji ƙamshi. Na shigo na tarar da ita a madafata, ta naɗe hannun riga, gumi na zuba, ta turara burabusko da geronta na rabo, ta yi miyar yakuwa, ke da Bintu kuna miƙa kwano, ita tana 'yar waƙa. Wata goma sha huɗu ban taɓa jin waƙa a bakinta ba. Ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Zauna in zuba miki."

Har na nufi tabarma, wallahi har na nufa. Sai Ya Gumsu ta leƙo ta katanga, ta ɗaga murya yadda gida uku za su ji: "Lale, lale! Hadiza ma ta samu mai aiki. Barka da hutawa!" Jinina ya hau kai. Na kora ku zaure da kwanukanku, na ƙarasa na karɓe ludayi daga hannunta. Na ce, "Wa ya sa ki? Ba na ce ki zauna a yi miki ba?"

Ta ce a hankali, "Yaya, yara ne ke jin yunwa. Wata goma sha huɗu ke nan fa. Yaushe zan daina zama baƙuwa a gidan nan?"

Na ce, da ƙarfi don mai katanga ta ji, "Madafar nan tawa ce, Malama. Ke baƙuwa ce, ki tsaya a matsayinki."

Ta wanke hannu, ta sauke hannun rigarta, ta shiga ɗaki. Ni kuma kin san abin da na yi? Na ture tukunyarta gefe, na hura wuta, na tuƙa wani tuwon daban, da gajiyar hanya da komai, na zuba a kwano mai murfi na kai mata. Har ina jin na fita kunyar unguwa.

Bayan sati ɗaya ta zo ta durƙusa ta yi godiya, doguwar godiya, ta ce an buɗe makarantar tanti a sansanin da ke bakin kwalta, hanyar Shetimari, suna neman malamai. Gaskiya ne an buɗe. Amma malamai nawa ne suke zuwa daga cikin gari su dawo? Ba dole sai ta tare can ba. Babanki ya roƙe ta, ta ce nisa ne. Ya tambaye ni ko wani abu ya faru, na ce ni ma ban sani ba. Kin yi kwana biyu kina kuka, na ce miki aiki ne ya raba ku. Ta bar ɗaki mai ƙofa da rufin kwano, ta koma bukkar kara da tamfol, wurin da ba katanga, a shekarun da kowa ya san sansanonin nan ba su da tabbas. Na san abin da ya kore ta, na ja bakina na yi shiru.

Sai bayan wata biyu na je duba ta, da kwano mai murfi a hannu, don har lokacin ban yi hankali ba. Na same ta ta rame, rana ta ƙona ta, tana tsugune gaban murhun duwatsu uku da wasu mata biyu. Tana yi wa ɗaya faɗa wai ta cika gishiri, waccan tana mayar mata, suna shewa. "Zara" suke ce mata, haka nan tsagwaronsa. Ta gan ni ta tashi da murna, ta shimfiɗa min tabarma cikin bukka, ta kawo ruwa. Na ga aiki ya yi musu yawa, na miƙe na ce bari in tsince muku waken. Ta dafa kafaɗata ta zaunar da ni. Ta ce, "Haba Yaya, ke baƙuwa ce. Zauna a yi miki."

Na duba fuskarta ko gatse ne. Wallahi ba gatse. Ta fita ta sauke labulen buhu. Na zauna ni kaɗai cikin zafi, hannu bisa cinya, ina jin hirarsu da dariyarsu a waje. Can aka kawo min abinci a rufe, aka durƙusa aka ajiye, aka fita. Duka bai fi rabin awa ba, Fanna, amma na ji kamar in tsaga tamfol ɗin in fita da gudu. Na tuna wata goma sha huɗun da ta yi haka a ɗakin gabas.

Kuma ban ba ta haƙuri ba. Na ci abin da na iya, na yi godiya, na hau mota. Daga baya da hanya ta samu, Zara ta wuce Maiduguri. Har yau kuna waya ke da ita, ki ce min "Malama na gaishe ki," in ce ina amsawa, in tashi in nemi abin yi.

Yanzu kin gane abin da na gani da na buɗe jakarki. Ni na rufe mace a ɗaki na kira shi karamci, ke kina shirin rufe kanki ki kira shi kunya. Ita ko ba komai ta samu mutanenta a bakin kwalta. Ke wa za ki samu a Kaulaha? Na san yadda za a yi, ni na haife ki. Za ki daure wata shida, ki rame, in na kira ki ce "lafiya lau, Inna," sannan wata rana ki tattara kaya ki dawo ki ce aikin ne bai yi ba. Mutanen gidan kuma su zauna suna tambayar juna laifin me suka yi wa 'yar Nijar.

Wataƙila ma matar gidan irina ce, Allah ya kiyaye. In ta fizge tsintsiya, ki ɗauki wata. In ta kai miki abinci ɗaki, ki ɗauko kwanon ki fito ki zauna inda suke. In ta kore ki daga madafa, ki ja kujera ki zauna bakin ƙofa kina yi mata surutu har ta gaji ta miƙo miki wuƙa. Kada ki jira wata goma sha huɗu kafin ki tambaya, a satin farko za ki yi. Ki saurari yadda 'ya'yanta ke kiranta, ki kira ta haka, ki kuma hana a riƙa ce miki Madam a tsakar gida. In za ki fita ki faɗi inda za ki, in za ki makara ki sanar. Wayar nan kuma ki riƙa ajiye ta. Ki tsare sallarki, ki tsare mutuncinki, waɗannan ban damu in tsawaita ba, don a nan ban taɓa samun ki da laifi ba.

Abu na ƙarshe. Ki turo wa Bintu lambar Zara kafin ki tashi. Kada ki kira ta a madadina, kada ki fassara mata komai da Ingilishinku. Da bakina na ɓata, da shi zan gyara, in ta yarda ta saurare ni. Babanki bai san abin da ke cikin takardar nan ba. Zan gaya masa da kaina bayan na yi magana da ita, kada ki riga ni.

In kin sauka ki kira mu mu ji kin isa. Bayan wannan, labarin jirgi da teku ki ba Bintu, ita ke so. Ni kiran da nake jira daban ne. Ina jiran ranar da za ki kira ni ranki a ɓace, ki ce matar gidan ta aike ki kasuwa kina gajiye, ko ta yi miki faɗa gaban yara don kin ƙona mata shinkafa. Ran nan hankalina zai kwanta, in san kina da gida a can.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a bakinki da a allinki, ya sa yaran da za ki koyar su ji maganarki fiye da yadda kike jin tawa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido ki ki same mu da rai. Kuma Allah ya haɗa ki da matar gida mai aike, mai faɗa, wadda ba ta da irin kirkina. Amin.

Ni ce innarki,
Hadiza